Dattawanmu, a tambayi hanya kafin a ɗauki jaka

Damina ta kankama, kuma yanzu ne dattawanmu da suka ajiye aiki, ko suka miƙa wa 'ya'ya shago, suka fi zirga-zirga tsakanin Kudu da gida. Wani zai je duba gona, wani ɗaurin aure, wani tantance 'yan fansho. Ba cewa muke yi a zauna ba, ai zumunta a ƙafa take. Amma wanda ba a jiransa a ofis ranar Litinin ba shi da hujjar shiga mota ana tsuga ruwa, bai kuma san halin da hanya take ciki ba.

Mu mazauna Agege, Mile 12, Shagamu da Sabo ta Ibadan, manyan hanyoyi biyu ne ke kai mu Arewa, kuma kowacce ruwa ya taɓa datse ta. A 2017 gadar Tatabu, tsakanin Jebba da Mokwa, ta karye. A 2022 ambaliya ta shanye titin Lokoja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. A ƙarshen watan Mayun 2025 ruwa ya afka wa garin Mokwa, fiye da mutum 150 suka rasu, Allah Ya ji ƙansu. Matashi zai iya kwana uku a gefen titi da burodi da ruwan leda. Mai shekara saba'in da hawan jini ko ciwon suga, wanda maganinsa ya ƙare a kwana na biyu, wannan wata magana ce daban.

To daga ina za a samu labari? Yawancinmu rediyo muke bi, kuma yana da amfani, sai dai kafin manyan kafafe su ba da labarin karyewar gada, motar asuba ta riga ta wuce Ilori. WhatsApp kuwa sai a hankali: duk shekara ana sake yaɗa tsofaffin bidiyon ambaliya kamar yau aka ɗauka, har mutane sun fara raina gargaɗin gaskiya. Hasashen hukumar NiMet zai gaya maka za a yi ruwa mai ƙarfi a Neja ko Kogi, amma ba zai gaya maka ko tirela ta kife ta toshe hanya ba. Wannan labari yana bakin direban da ya iso tasha da safe, da ɗan uwan da ke zaune a garin da za a ratsa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiya su wakilta mutum guda, daga yanzu har ƙarshen Oktoba, ya riƙa tuntuɓar tasha kowace safiya yana sanar da jama'a. 'Ya'ya kuma, in Baba ko Hajiya za su tafi, a sa musu maganin mako guda ƙari a cikin leda, a jakar hannu ba a but ba, a cika waya da caji, a rubuta musu lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra a takarda.