Kafin a ɗaure wuyan hannu, a ɗauki hoto

A ƙasar Hausa, idan mutum ya karye a cinya ko a ƙauri, kowa tashi tsaye yake yi. Amma idan wuyan hannu ne ya kumbura bayan faɗuwa, sai ka ji an ce, "Ai targaɗe ne, a kai shi a ja masa." A ganina babu gaɓar da muke yi wa sakaci kamar wannan, alhali da ita tela da kafinta da makanike da ɗan acaɓa suke cin abinci.

Wurin bai wuce faɗin yatsu uku ba, amma ƙananan ƙasusuwa 8 ne a cikinsa, sahu biyu, huɗu-huɗu. Suna zaune ne a kan dogayen ƙasusuwa biyu da suka sauko daga gwiwar hannu, kuma na ɓangaren babban yatsa shi ke ɗaukar kusan kashi 80 cikin 100 na nauyi idan ka dogara da tafinka. Duk wanda zai faɗi, hannu yake fara miƙawa ya dafa ƙasa, shi ya sa bakin wannan ƙashi yake yawan karyewa. Wani likitan birnin Dublin, Abraham Colles, ya yi bayanin wannan karaya a 1814, lokacin da likitocin Turai da dama ke ɗaukarta gocewar ƙashi ce. Ido da taɓawa sun yaudare su, don ba a gano hoton ƙashi ba sai 1895 a Jamus. Abin da ya yaudari masana, me zai hana ya yaudari maƙwabcinka?

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan ƙaramin ƙashin da likitoci ke kira sikafoyid, mai siffar ƙwallon kashu. Ɗaga babban yatsanka sama, za ka ga wani ɗan rami ya bayyana a gindinsa, tsakanin jijiyoyi. A ƙarƙashin ramin nan yake. Jini yana shigarsa ne ta ɓangaren yatsu ya gangaro baya, saboda haka idan ya karye a tsakiya, ɗaya ɓarin na iya rasa jini ya mutu. Ga shi kumburinsa kaɗan ne, yatsu na motsi, wani lokacin ma hoton farko ba ya nuna komai. Shi ya sa likita kan sa siminti, ya ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake dubawa.

Akwai wani kafinta a layinmu da ya faɗo daga babur shekarun baya. Aka ja masa, aka shafa mai, ciwo ya lafa, ya koma aiki. Yanzu da hantsi ya yi sai ya miƙa wa yaronsa guduma, shi ya koma riƙe ƙusa. Da aka yi hoto daga baya, an tarar ƙashin bai taɓa haɗewa ba, gaɓar kuma ta cinye.

Mutane na mamakin yadda ciwon wuyan hannu ke kashe ƙarfin riƙo. Gwada da kanka: lanƙwasa hannunka ƙasa sosai, sannan ka dunƙule. Ƙarfin ya tafi. Ɗan karkata shi baya, ƙarfin ya dawo. Dalili shi ne naman da ke lanƙwasa yatsu yawancinsa yana sama ne, kusa da gwiwar hannu, igiyoyinsa ne suke saukowa. Guda 9 daga cikinsu suna bi ta wata ƙunƙuntar hanya a wuyan hannu tare da jijiyar da ke ba babban yatsa da manuniya da na tsakiya ji. Wuri mai cunkoso irin wannan, idan aka tamke shi da kara da tsumma yana cikin kumbura, jini da jijiya ne za su sha wuya.

Ba ina zagin maɗora ba ne. Suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, wasunsu gado suka yi kuma sun ƙware. Tsadar asibiti da dogon layi ma gaskiya ne. Amma yatsan maɗori, komai gwanintarsa, ba ya ganin cikin ƙashi. Kuɗin hoto ɗaya bai kai asarar sana'a ba, kuma bai kai kuɗin tiyata a Asibitin Ƙashi na Dala ba, inda da yawanmu ba ma zuwa sai abu ya lalace.

Ina kira ga gwamnatocin jihohi su tabbatar na'urar hoton ƙashi tana aiki a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, su kuma zauna da maɗora a koya musu alamomin haɗari. Kai kuma mai karatu, idan ka faɗi kan tafinka, ramin gindin babban yatsa na zafi idan an danna, je ka yi hoto. Idan kuwa an riga an ɗaure, yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka daina ji, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti, kada a jira gari ya waye.