Tsohuwar Mota Mai Tsada: Ina Adalci Yake A Farashinta?

'Yan uwa masu karatu, an tambaye mu hukuncin sayen tsofaffin motocin Amurka masu ƙarfin inji, irin su Pontiac GTO da Ford Mustang da suka fito a 1964. Attajirai na shigo da su ƙasashensu, kuma a Janairun 2020 an yi gwanjon wata Mustang ƙirar 1968 da ta fito a fim ɗin Bullitt a kan fiye da dala miliyan 3. Mai tambayar yana ganin wannan zalunci ne. Mu kuwa muna ganin tsada ita kaɗai ba zalunci ba ce. Zaluncin yana cikin ɓoye gaskiya.

Shari'a ba ta yanka wa riba iyaka ba. Lokacin da kaya suka yi tsada a Madina, sahabbai sun nemi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Urwatul Bariƙi ya sayi tumaki biyu da dinari ɗaya, ya sayar da ɗaya a dinari, Annabi (SAW) ya yi masa addu'ar albarka. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar da hakan a zamanta na Kuwait a 1988. Don haka motar da ta yi ƙaranci a duniya, babu laifi ta yi tsada.

Sai dai yardar mai saye ba ta inganta sai ya san abin da yake saya. Darajar irin wannan mota tana rataye ne a kan asalinta, wato ko injin da ke cikinta shi ne wanda ta baro masana'anta da shi, lambarsa ta dace da lambar jikin motar. Akwai masu ɗauko Pontiac LeMans su manna mata tambarin GTO, domin jikinsu kusan ɗaya ne, su sayar da ita a farashin GTO. Akwai masu cike tsatsa da fila su fesa fenti a kai. Agogon tafiya na motocin wancan zamani kuma lambobi biyar gare shi, idan ya wuce mil 99,999 sai ya koma sifili, motar da ta gaji ta zama tamkar ba ta yi tafiya ba. Wanda ya san ɗaya daga cikin waɗannan ya yi shiru, ya yi daidai da mai hatsin da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibinsa ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa. Mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye.

Haka nan gwanjo halal ne, amma najashi haramun ne, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani. Idan kuma dillali ya ce zai faɗi kuɗin saye da na jirgi da na kwastan sannan ya ɗora ribarsa, cinikin ya zama na amana, ƙarin dala ɗaya a lissafin cin amana ne.

Farashin adalci, a ganinmu, shi ne abin da aka sayar da takwarorin motar a shekara da asali da lafiya, ba abin da masu talla suke nema ba. Mai saye ya nemi takardun masana'anta, ya sa makaniken da ba shi da kaso a cinikin ya duba ƙarƙashinta, ya sharɗanta rashin yaudara a rubuce. Wannan ma'auni shi ne dai na motar tokunbo da ake kawo mana ta Kwatano ko Legas. Kafin duk wannan, mai dukiya ya tabbatar ya fitar da zakkarsa, ya sauke haƙƙin iyalinsa da bashin da ke kansa. Allah ne Mafi sani.