Tsohon Ƙwan Lantarki Ya Tafi, Saura Amanar Mai Sayar Da Sabo

Ina so yau mu duba wani ƙaramin abu da ke rataye bisa kawunanmu, watau ƙwan lantarki. Wanda duk ya shiga kasuwar Haɗeja yana neman tsohon ƙwan nan mai zare a ciki, mai ƙona hannu in an taɓa, zai ga ya fara wuya. Masu kiwon kaji kaɗai ke cigiyarsa, don ɗumama 'yan tsaki.

To, wannan ɗumi shi ne aibinsa. Cikin wutar da ya ke ci, kusan kashi 90 bisa 100 zafi ta ke zama, ba haske ba. Tsohon ƙwai mai wat 60, in an kunna shi awa 5 kowane dare, yunit 9 zai ci a wata. Sabon da a ke kira LED, mai wat 9, haskensu ɗaya, amma ba zai kai yunit ɗaya da rabi ba. Tsohon kuwa wajen awa 1,000 ya ke yi ya mutu, sabon na ƙwarai ya kan ninka haka fiye da sau goma.

Saboda haka ƙasashe suka tsai da doka a kansa. Tarayyar Turai ta janye shi daga kasuwa daki-daki, daga 1 ga Satumba 2009 zuwa 2012, Amurka kuwa sai 2023. Amma labarin Ghana ya fi kusa da mu. A 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, lantarki ya yi ƙaranci, sai gwamnatinsu ta raba wa jama'a ƙwai miliyan 6 masu tsimin wuta kyauta, ta karɓe tsofaffin, kana a 2008 ta yi dokar hana shigo da su. Mu da muka ga yadda kogin Haɗeja ya koma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ba sai an gaya mana ruwan madatsa abin lissafi ba ne.

A nan wajenmu ba doka ce ta kori tsohon ƙwai ba, aljihu ne. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023, mai janareta ya ke ƙidaya kowane ƙwai. Ƙaramin faifan sola kuma ba ya iya ɗaukar mai wat 60 har dare ya raba. Mu da muka yi karatun dare a gindin wutar kara, hayaƙi na cin ido, ga shi yau almajiranmu na duba allo da hasken rana da aka ajiye cikin batir. Sai dai gidan da ba shi da mita, a ke kawo masa takardar ƙiyasi, ko ya sauya ƙwai ba lalle ya ga rangwame ba.

Inda magana ta ke shi ne jabu. Bara na sayi dozin guda don makarantarmu, an rubuta wat 15 a jikin kwali. Haskensu bai fi na aci-balbal ba, kuma kafin wata ya ƙare huɗu sun mutu. Talakan da haka ta same shi sau biyu, me zai ce? Zai ce sabon abin nan yaudara ne, gara na da. Malamai sun san hukuncin wanda ya rubuta abin da babu shi cikin kwali. Ba shi da bambanci da mai tauye mudu a kasuwar hatsi.

Don haka ku fatake masu saro kaya daga Sabon Gari ta Kano, ku gwada kafin ku ɗauko. Ku dubi adadin da a ke kira lumen, gama shi ne ma'aunin haske. Wajen 800 shi ne daidai da tsohon mai wat 60. Kuma ku rubuta ranar ciniki a gindin ƙwai, in ya mutu da wuri ku musanya wa mai shi.

Saura farin ƙwan nan mai murɗaɗɗen gilashi da aka yi yayi kafin LED. Akwai zaiba a cikinsa, guba ce, shi ya sa ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata, har da Nijeriya, suka sa 2025 ta zama ƙarshen ƙera irinsa na gida da shigo da shi. Wanda ke da ragowarsa kada ya bar yara su fasa, kada kuma ya zubar a jujin da damina ke kwashewa zuwa fadama, gama kifin da ke cikinta shi a ke ƙyafewa a kawo mana kasuwa.