Sandar golf da yaron aji ɗaya

Golf ba wasanmu ba ne a Agadez. Mai son ya ga ana bugawa sai ya je Yamai ko Kano. Amma akwai wata doka ta sandar wannan wasa da nake so malamai da iyaye su ji, domin ta shafi yaranmu.

Sandar golf tana da kai, wanda ke dukan ƙwallo, da doguwar ƙota ta ƙarfe ko ta garafayit. Ƙotar nan ba sandararriya ba ce. Idan ɗan wasa ya ɗaga ya kawo bugu, sai ta ɗan lanƙwashe, sannan ta miƙe daidai lokacin da kan ya taɓa ƙwallo. Saboda haka masu ƙerawa suka kasa ta kashi biyar, L, A, R, S da X, daga mafi taushi zuwa mafi tauri. Ƙwararru, waɗanda kan sandarsu ke gudun kusan kilomita 180 a awa, su ke riƙe mai tauri. Idan mai raunin hannu ya ɗauki irin tasu, ƙotar ba za ta lanƙwashe masa ba: ƙwallon zai tafi ƙasa-ƙasa, ya karkace dama in shi ba bahago ba ne, ya faɗi kusa. Mai ƙarfi kuwa da ya ɗauki mai taushi, ƙwallonsa sama zai yi, ya watse inda bai nufa ba.

Kuskuren da iyaye suka daɗe suna yi a ƙasashen da ake wasan shi ne su datse tsohuwar sandarsu su miƙa wa yaro. Tsawo ya yi daidai, amma datsewa tana ƙara wa ƙota tauri, kan kuma yana nan da nauyin na manya. Yaro ya yi ta fama, ya koyi mugun riƙo, a ƙarshe a ce ba shi da baiwa.

Haka muke yi a lakol. Yaro ɗan shekara 6 ko 7 ya taso da Hausa ko Tamajak a bakinsa, ya shiga aji ɗaya, sai a fara masa karatu da lissafi da Faransanci. An rage shafukan littafi, an ƙara hotuna, wato an datse sandar, amma taurin yana nan. Ya haddace abin da bai gane ba, ya maimaita aji, mu ce daƙiƙi ne.

Wasu iyaye za su ce Faransanci ne ke kai yaro ga jarrabawa da aiki. Gaskiya ne, kuma ban ce a jefar da shi ba. Ai ɗan golf ma yana komawa ga ƙota mai tauri idan hannunsa ya yi ƙwari. Maganar ita ce da me za a fara. Nijar ta gwada koyarwa da harshen gida tun 1973 a Damagaram, kuma a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Abin da ya rage shi ne littattafai da horar da malamai.

Kafin su iso, malam, ka buɗe darasi da harshen da yaro ke ji. Ku kuma iyaye, kafin ku ɗaga bulala kan sakamako, ku ce ya bayyana muku darasin da harshen gida. Idan ya kasa, ku fara duba abin da aka ɗora masa a hannu.