Gardamar Agustin da Jerom: Darasi Ga Masu Hidima

Wajen shekara ta 395 Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya fara rubuta wa Jerom wasiƙu zuwa Baitalami. Jerom ya koyar cewa tsautawar da Bulus ya yi wa Bitrus a Antakiya (Galatiyawa 2) shiri ne suka ƙulla don koya wa jama'a. Agustin bai yarda ba. A ganinsa, in aka ce akwai ƙarya ko ɗaya cikin Littafi Mai Tsarki, babu ayar da za ta tsira.

Abin takaici, ɗaya daga cikin wasiƙun ta yi ta yawo a Italiya kafin ta isa hannun Jerom. Ya fusata, ya zargi Agustin da neman suna a kan dattijo. A shekara ta 404 Agustin ya roƙi gafara saboda ɓacin ran, amma bai janye ra'ayinsa ba. Daga baya suka haɗa kai wajen ƙin koyarwar Pelagiyus.

Mu da muke 'yan kaɗan a garuruwanmu, rabuwar fastoci biyu takan raba ikkilisiya duka. In muna da magana da ɗan'uwa, ta fara isa kunnensa kafin ta hau bagadi. Ubangiji ya taimake mu.