Tabar wiwi: Kafin a yi lissafin riba, a fara da kuɗin wutar fitila

Duk lokacin da batun halasta noman tabar wiwi ya taso a Abuja, hujja ɗaya ce masu goyon baya ke fara gabatarwa, wato kuɗi. Sukan nuna hotunan manyan ɗakunan noma na Kanada da Amurka, inda tsirrai ke jere a ƙarƙashin dubban fitilu, sannan su ce da Najeriya za ta bi sahu, da ta samu sabuwar hanyar kuɗaɗen waje. Marigayi Rotimi Akeredolu ya riƙe wannan ra'ayi lokacin da yake gwamnan Ondo, har ya je Tailan a 2019 domin ganin yadda suke sarrafa ganyen a matsayin magani. A watan Maris na 2023 kuma Majalisar Wakilai ta jingine ƙudurin da ya nemi ba da lasisin noman. Babu shakka maganar za ta sake dawowa. Idan ta dawo, hadiman 'yan majalisa da jami'an ma'aikatu ne za su rubuta takardun shawara, don haka ya dace su san abin da ke bayan hasken da ake gani a waɗancan hotuna.

Noman wiwi a cikin ɗaki haramci da sanyi ne suka haife shi, ba wai don ya fi na fili sauƙi ba. Masu noman a Amurka da Holan sun gudu cikin ɗakuna ne domin ɓuya daga hukuma, kuma a ƙasashen da hunturu ke gajarta yini, rana ba ta wadatar da shuka duk shekara. Da suka rufe ƙofa suka bar rana a waje, sai ya zama dole su sayi madadinta. Shekaru da dama fitilar sodiyam mai ƙarfin wat 1,000 ce ke mulki a wannan sana'a. Tana ba da haske mai ƙarfi, amma tana fitar da zafi mai yawa, wanda dole a kore shi da na'urar sanyaya ɗaki, a kuma zuƙe damshin da ganye ke fitarwa da wata na'urar dabam. Ke nan manomi yana biyan kuɗin wuta sau biyu: ya biya domin kunna fitila, ya sake biya domin kashe zafinta.

Manoman kayan lambu na Holan suna da wata ƙa'ida da suka daɗe da ita, cewa ƙarin kashi ɗaya na haske yakan kawo kusan ƙarin kashi ɗaya na amfani. Wannan ne ya jefa kamfanonin wiwi cikin tseren fitilu, kowa na neman ya fi ɗan'uwansa yawan girbi a fili ɗaya. Sakamakon ya bayyana a takardun kuɗin wuta. A 2012 wani masanin makamashi, Evan Mills, ya ƙiyasta cewa noman wiwi a cikin ɗaki na cinye kusan kashi 1 cikin 100 na duk wutar lantarkin Amurka, a kan kimanin dala biliyan 6 a shekara. Birnin Denver ya wayi gari wannan sana'a ita kaɗai tana shan kusan kashi 4 cikin 100 na wutarsa. A 2021 masu bincike a Jami'ar Jihar Kolorado suka gano cewa samar da kilo ɗaya na busasshen furen a cikin ɗaki na haifar da hayaƙi mai ɗumama yanayi da ya kai daga kilo 2,283 zuwa 5,184, gwargwadon garin da aka yi noman. Jihar Masacusets kuwa sai da ta kafa doka cewa manyan gonaki kada su wuce wat 36 na fitila a kowace ƙafa ɗaya murabba'i.

Masu kare sana'ar za su ce an wuce wannan zamani, domin fitilun LED sun zo. Akwai gaskiya a cikin maganarsu. Tun bayan ƙirƙirar LED mai shuɗin haske, wadda ta jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura lambar yabo ta Nobel a 2014, an samu fitilu masu ba da haske fiye da na sodiyam da wuta ƙasa da tasa, kuma zafinsu bai kai nasa ba. Sai dai suna da tsadar saye, kuma a kasuwar da ake gasar yawan girbi, rarar wutar da aka samu ba aljihu take komawa ba, ƙarin fitilu ake saye da ita. Fitila komai ingancinta ba za ta yi arhar rana ba.

Lissafin ya fi muni idan aka kawo shi gida. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya. A wannan farashi, fitila ɗaya mai wat 1,000 da ta kwana tana ci na awa 12 za ta sha naira 2,700. Gona mai fitilu 1,000 za ta biya naira miliyan 2.7 a kullum, tun kafin a kunna na'urar sanyaya ɗaki ko guda, kuma za ta riƙa jan megawat ɗaya cur daga layin wutar ƙasar da yawanci abin da yake rabawa bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Idan layin ya faɗi, kamar yadda ya saba, sai a koma kan janareta da man dizal. Duk jami'in da ya san halin da asibitocin koyarwa da jami'o'in tarayya suka shiga kan kuɗin wuta tun daga 2024, ya san cewa ba wutar banza ce da ƙasar ba.

To, ko waɗanda ke da wuta a wadace sun ci ribar? Kanada ta halasta wiwi ranar 17 ga Oktoban 2018, masu zuba jari kuma suka yi rububin gina gonaki. Girbi ya yi yawa har ya fi ƙarfin kasuwa, farashi ya faɗi, aka riƙa lalata ɗaruruwan tan na ganyen da ba a sayar ba. A watan Maris na 2020 kamfanin Canopy Growth ya rufe manyan gonakinsa biyu a lardin British Columbia, ya sallami ma'aikata kusan 500. A 2022 Aurora Cannabis ya sanar da rufe katafariyar gonarsa ta Edmonton, wadda a da ake nuna wa baƙi a matsayin abin alfahari. Ba wiwi kaɗai wannan ƙaddara ta faɗa wa ba. Kamfanonin da ke noma ganyen salak a ƙarƙashin fitilu a Amurka su ma sun ɗanɗana: AeroFarms ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2023, Bowery ya rufe a 2024. Yawan girbi dabam, riba dabam.

Akwai hujja guda da ta cancanci a saurare ta da kyau. Za a ce Najeriya ba ta buƙatar fitila, tun da tana da rana da ƙasa mai albarka, shaida kuwa ga gonakin ɓoye da NDLEA ke ƙonawa a dazuzzukan Ondo da Edo. Haka ne. Amma duk wanda ya kawo wannan hujja ya riga ya amince cewa alƙaluman Kanada da ya fara nunawa ba su shafi Najeriya ba. Bugu da ƙari, kasuwar magani ta Turai ba ta sayen ganye a buhu. Tana neman kaya mai ƙarfi bai ɗaya daga girbi zuwa girbi, wanda aka auna a ɗakin gwaji, aka sarrafa a masana'antar da ta cika sharuɗɗansu. Lesoto ta fara ba da lasisi tun 2017, Zimbabuwe ta biyo baya a 2018, Maroko a 2021. Kamata ya yi a tambayi abin da ya shiga baitulmalinsu a zahiri kafin a yi hasashen abin da zai shiga na Najeriya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wani ɓangaren kuma ya wuce batun kuɗi. Noman cikin ɗaki ya tafi kafaɗa da kafaɗa da zaɓen iri mai ƙarfin maye. Sinadarin THC a wiwin da aka kama a Amurka ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan 12 a 2014. Wani bincike da mujallar Lancet Psychiatry ta wallafa a 2019 ya danganta shan mai ƙarfin a kullum da ninkuwar haɗarin taɓin hankali kusan sau biyar. Wannan samfuri ya riga ya iso: shi ne wanda ake kira Canadian Loud, da NDLEA ke yawan ganowa a ɓoye cikin kwantenonin motoci a tashoshin jiragen ruwa na Legas. Binciken ƙasa na 2018 kan ta'ammali da ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Najeriya, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Hatta Tailan da aka je koyo a wajenta, wadda ta sassauta dokarta a 2022, ta dawo a 2025 ta ce sai da takardar likita.

Ana iya yin muhawara ta hankali kan ko za a bar jami'o'i su yi bincike kan maganin da ake samu daga wannan shuka, ko kuma a sake duba hukuncin da ake yi wa mashaya. Waɗannan tambayoyi ne na lafiya da shari'a, kuma suna da nauyinsu. Abin da bai dace ba shi ne a gina dokar ƙasa a kan takardun tallan masu sayar da fitila. Duk hadimin da aka miƙa wa irin wannan takarda ya nemi amsar abubuwa uku a rubuce: wuta nawa kilo ɗaya zai ci, wa zai saye shi da kwantiragi a hannu, kuma wa zai ɗauki nauyin abin da ya silale zuwa kasuwar unguwa. Idan babu amsa, to babu dalilin gaggawa, domin tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.