Ingilishi ya shiga dokar ƙasa, amma ɗiyanmu suna gane tambayar birbe?

Kun tuna a watan Maris na 2025 Janar Abdurahamane Tiani ya sa hannu kan kundin sake gina ƙasa. Kundin ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Cikin wannan watan ne Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Mu nan Maraɗi mun yi murna. Sai dai yaron da ke bitar birbe a Sabon Gari, ko Tibiri, ko Jiratawa, takardar Ingilishi na nan tana jiran shi, kuma hanyar da yake bi ya iske ta ba ta sake ba.

Ga hanyar. Yaro ya tashi da Hausa. Ya shiga lakwal, shekara shida ana fama da shi da Faransanci. Sai ya kai koleji sannan a soma mishi Ingilishi, ya yi shekara huɗu, a ba shi jarrabawa. Kuma in kalma ta gagare shi, mafi yawan lokaci da Faransanci mushe zai fassara mishi ita. Ke nan ana ɗora harshe na uku bisa na biyu, alhali na biyun bai zauna ba. Binciken PASEC na 2019 ya nuna mafi yawan ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matakin da ake so ba wajen fahimtar abin da suka karanta.

A takardar jarrabawa akan ba yaro ɗan labari, a bi shi da tambayoyi. Sau da yawa ba labarin ke kada shi ba, kalmomin tambayar ne. Wasu ma tarko ne ga wanda ya biyo ta Faransanci, don sun yi kama amma ma'ana ta sha bamban. “Novel” a Ingilishi dogon littafin labari ne, “nouvelle” a Faransanci gajeren labari ne. “Library” wurin aron littattafai ne, “librairie” kantin saida su. In aka ce “character”, yaro sai ya tuna “caractère”, ya hau bayanin hali, alhali ana tambayar shi mutanen da ke cikin labarin. Mafi ban dariya ita ce “lecture”: a Faransanci karatu ne, a Ingilishi kuwa jawabin malami ne, wanda Hausa ta daɗe da arowa ta ce lacca. Da an biyo da yaron ta Hausa, da tuni ya wuce wurin.

Ko tsakaninmu akwai irin wanga ruɗani. Mu nan in tsoho ya ce ɗanshi ya iya Turanci, Faransanci yake nufi. Ƙetara Dan Isa ka shiga Jibiya, Turanci Ingilishi ne.

Abin da ya fi damunmu shi ne, abubuwan da ake tambaya yaro ya san su tun daga gida. In an ce ya fito da babban saƙon labari, jigo ke nan. Wanda labarin ya rataya a kanshi, tauraro. Yadda marubuci ya sarrafa magana, salo. Kwatanta abu da wani abu, kamance. Ba mu muka ƙago waɗannan ba, da su ake koyar da adabin Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato shekara da shekaru. Ita kuma tambayar nan da yara suka fi tsoro, wadda ake cewa ka gano abin da marubuci yake nufi bai faɗa ba, to yarinyar da ke jin habaicin kishiyoyi a tsakar gida ta gane wa ake yi da shi, ai ta riga ta iya ta. Yaron da ya san Gizo ba don Allah yake gaida Kura ba, shi ma haka. Suna kawai suka rasa.

Akwai malaman da ke cewa in aka shigo da Hausa aji, yara ba za su buɗe baki da Ingilishi ba. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, don harshe sai da furtawa. Kuma su kansu da Faransanci aka horar da su, wasu ba su taɓa jin “jigo” a aji ba. Ba cewa muke a maida darasin Ingilishi darasin Hausa ba. Minti biyu ne, a ce wa yaro kalmar nan ga sunanta a harshenka, a ci gaba. Nijar ma ba baƙuwa ba ce a nan, tun 1973 aka soma gwada koyarwa da Hausa a Damagaram.

Ga Maraɗi lamarin ya wuce maki. Kasuwarmu da Katsina da Kano take, kuma iyaye da yawa can suke tura ɗiyansu karatu bayan bak. Takardar kaya, takardar asibiti, takardar shiga jami'a, duk da Ingilishi suke, kuma kowace sai an fahimce ta kafin a sa hannu.

Ƴan uwa da ke Kano, Legas ko Akara, kuna aiko kuɗin kaye da na lesan, Allah ya saka. In za ku aiko saƙo na gaba, ku sa ƙamus na Ingilishi da Hausa a ciki, irin na Neil Skinner da aka buga a Zariya, da ƙananan littattafan labari biyu ko uku. Iyayen da ke gida kuma, ko ba ku yi lakwal ba, in yaro ya gama karanta shafi ku ce ya rufe littafin ya faɗa muku da Hausa wa aka yi magana a kai, mi ya faru, kuma mi ya sa.